Kafin a Ce a Yi Fomatin: Yadda Za Ka Gano Abin da Ke Kashe Maka Laftof

A tsakiyar zafin watan Afrilu ɗiyar yayata ta shigo mini gida rungume da laftof, idonta ya kawo ruwa. Tana ajin ƙarshe a jami'a, tana rubuta furojet, kwamfutar kuma ta tsiri wani hali: ana cikin aiki sai ta ɗauke ɗif, kamar an hure fitila. Ta ce, "Kawu, sau uku ke nan ana yi mata fomatin cikin wata biyu, a na biyun ma babi guda ya salwanta." Kafin in taɓa kwamfutar na tambaye ta da wane lokaci take mutuwa. Ta yi ɗan tunani ta ce da rana ne, in ta yi kamar rabin awa tana aiki, amma da asuba sai ta yi awa biyu lafiya lau. Na ce a ina kike ɗora ta? Ta ce a kan katifa.

Da waɗannan amsoshi biyu an riga an ci rabin gyaran. Abin da ke damuna shi ne, a cikin fomatin uku da aka yi babu wanda ya yi mata tambayoyin. Fomatin ya zama mana kamar yadda ake ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin maleriya: a ba da magani iri ɗaya, in an dace an dace. Alhali shi fomatin manhaja kawai yake wankewa. Ba ya share ƙura daga fanka, ba ya gyara ram da ya lalace, ba ya farfaɗo da batirin da ya kumbura. In ciwon a jikin ƙarfen yake, ko sau goma aka sake zuba Windows, mutuwar za ta dawo, ga kuɗi sun tafi, ga takardu sun bi su.

Don haka abin farko, tun kafin kowane bincike, shi ne ka kwashe kayanka. Ka sami filashi ko ma'adanar waje ka juye takardu da hotuna da duk abin da ba za ka iya sake samu ba, a yau, lokacin da kwamfutar take tashi. Ƙananan takardu ka tura wa kanka ta imel ko ka ɗora su a Google Drive. In kwamfutarka tana da makullin BitLocker, wanda sababbi da yawa ke zuwa da shi a kunne ba tare da mai ita ya sani ba, ka shiga asusunka na Microsoft ka kwafi lambar buɗewa mai ƙwaya 48 a takarda, domin wasu matakan da ke gaba suna iya sa ta nemi lambar.

Mutuwar ba iri ɗaya ba ce

Idan mutum ya ce kwamfutarsa na mutuwa, abu uku yake iya nufi, kuma kowane da inda yake nuna yatsa. Akwai ɗaukewa ɗif, babu saƙo babu sallama. Wannan galibi zafi ne ko wuta. Akwai shuɗin allo mai rubutu, wanda sababbin Windows 11 suka mayar da shi baƙi. A nan Windows ce da kanta ta ga ɓarna ta tsayar da komai, kuma takan bar shaida. Sai kuma sandarewa, inda hoto yake nan amma kibiya ba ta motsi, wani lokaci sauti ya maƙale yana ta ƙara. Wannan ya fi karkata ga ma'adana, ko ram, ko direban hoto.

Ka ajiye ɗan littafi kusa da kwamfutar na kwana uku ko huɗu. Duk lokacin da ta mutu ka rubuta ƙarfe nawa ne, me kake yi, tana kan caja ko batir, wutar gari ce ko ta janareta, minti nawa ta yi a kunne, jikinta da zafi ko babu. Na san abin kamar wasa, amma ban san wata manhajar bincike da ta kai wannan littafin amfani ba. Ka kuma tambayi kanka abin da ya sauya kafin matsalar ta fara: sabuwar caja, ƙarin ram, wata manhaja da aka saka, ko faɗuwa daga kan tebur.

Shuɗin allo yakan wuce da sauri kafin a karanta. Don tsayar da shi, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, sannan Settings da ke ƙarƙashin Startup and Recovery, ka cire alamar da ke gaban Automatically restart. Daga nan duk lokacin da ya fito zai tsaya har ka ɗauki hotonsa da waya. Abin da kake nema shi ne kalmomin manyan baƙaƙe da ke ƙasa, da sunan wani fayil mai ƙarewa da .sys in ya bayyana. Haka kuma in ka rubuta perfmon /rel a wannan ɗan akwatin, Windows za ta buɗe maka jadawalin kwanaki, da jan tambari a kan kowace ranar da aka samu matsala. Ka koma baya har ranar da jan ya fara, ka duba abin da aka saka a ranar ko jajibirinta. Masu leƙa Event Viewer sukan ga Kernel-Power 41 su firgita. Wannan lambar ba ta faɗin dalili, abin da kawai take cewa shi ne kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba.

Zafi da ƙura

A nan zan fi daɗewa, domin a ƙasarmu nan ne ciwon ya fi yawa. Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana fitar da zafi sosai. An manna mata bututun tagulla da ke jan zafin zuwa wasu siraran haƙoran ƙarfe a bakin tagar iska, fanka kuma tana hura su. Yawancin firosesocin laftof iyakarsu wajen digiri 100 ne a ma'aunin salshiyos. In sun kusa kaiwa sai su rage gudu, shi ya sa kwamfuta ke yin nauyi kafin ta mutu. In hakan bai wadatar ba sai su yanke wuta don kada su ƙone. Ke nan ɗaukewar nan kare kai ce.

Yanzu ka haɗa wannan da yanayinmu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu fanka na ta zuƙar ƙurar hunturu, tana haɗuwa da zaren tufafi ta dunƙule tsakanin fanka da haƙoran nan kamar guntun bargo. Muddin ana sanyi ba za ka lura ba. Da Maris da Afrilu suka shigo, Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram suka haura digiri 40, sai kwamfutar ta fara faɗuwa. Ga kuma yawancin laftof ɗin da ke hannunmu tokumbo ne, sun yi shekaru a wani ofis a Turai ko Amurka kafin su iso Computer Village a Ikeja ko Titin Beirut a Kano, man da ke tsakanin firosesa da tagulla ya daɗe da bushewa.

Gwajin mai sauƙi ne. Sauke HWMonitor ko Core Temp, duka kyauta ne, ka bar shi a buɗe kana aikinka. Kwamfutar da ba ta komai amma tana zaune a digiri 70 ko 80 tana da matsala. In kana buɗe bidiyo ta harba 95 zuwa sama, ka kama ɓarawonka. Sa hannu a bakin tagar iska: in fanka na ihu amma iskar da ke fita ba ta da ƙarfi, hanya ta toshe; in kuwa babu ƙara babu iska kwata-kwata, fankar ce ta mutu ko wayarta ta cire.

Maganin farko ba ya cin ko kwabo: a sauke ta daga katifa, filo, darduma ko cinya, domin yawancin laftof ta ƙasa suke shaƙar iska. A ɗora ta a kan tebur ko faranti, a ɗan ɗaga bayanta ko da da murafun kwalba ne. Na biyu shi ne shara. Kashe ta gaba ɗaya, zare caja, kwance murfin ƙasa, kuma kafin ka taɓa komai ka cire wayar batir daga jikin babban faifan da masu gyara ke kira bod. Ka jera sukurori yadda ka kwance su, don tsawonsu ya bambanta, kuma dogo a ramin gajere yana iya huda wani abu. Cire fankar ka zare dunƙulen ƙurar da hannu, ka bi da busasshen buroshi. In za ka hura da bulowa ka danne fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa fiye da ƙima. Hura iska daga waje ba tare da an buɗe ba sau da yawa cusa ƙurar ciki kawai yake yi.

Sauya man firosesa ya fi buƙatar natsuwa. Ana kwance sukurorin tagullar bisa lambobin da aka rubuta a gefensu, a goge tsohon man da sifirit da tsumma mai tsabta, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, a mayar a ɗaure kaɗan-kaɗan ana zagayawa. Man goge baki ba ya maye gurbinsa, ko wa ya gaya maka. In hannunka bai saba ba, ka kai wa mai gyara ka tsaya a yi a gabanka, kada garin neman gira a rasa ido. Ta ɗiyar yayata abin da muka yi mata ke nan: bargon ƙurar da muka zaro ya kai kaurin ɗan yatsa, zafinta ya sauko, ta ƙarasa furojet ɗinta da ita.

Wuta

In zafi bai yi yawa ba amma tana ɗaukewa ɗif, koma kan caja da batir. Yi aiki da batir kaɗai na wani lokaci, sannan da caja. In batirin mai cirewa ne, cire shi ka gwada caja zalla. Duk ɓangaren da mutuwar ta bi, shi ne abin zargi. Juya cajar ka karanta: bolt ɗinta dole ya yi daidai da wanda aka rubuta a ƙasan kwamfutar, yawancin HP da Dell 19.5, Lenovo 20. Wat kuwa yana iya fin abin da ake buƙata amma kada ya gaza. Kwamfutar da ke son 90 in aka ba ta 45 za ta iya yin rubutu lafiya, ta faɗi da zarar aiki ya yi nauyi. Jabun caja takan yi sakayau a hannu, ta yi zafi kamar dutsen guga, wani lokaci har kibiya ta riƙa tsalle in an jona ta.

Don sanin lafiyar batir, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, sannan ka buɗe fayil ɗin da ta nuna maka. Kwatanta Design Capacity da Full Charge Capacity. Batirin da ya koma ƙasa da rabin ƙarfinsa na asali yakan nuna kashi 40 sannan ya yanke ba zato. Wanda ya kumbura kuwa, har wurin shafa yatsa ya ɗago ko murfin ƙasa ya buɗe baki, a daina caja a cire shi ranar, kada a huda shi, kada a jefa shi a wuta. Gobara yake tayarwa. Ita caja ta ƙwarai tana jure wuta daga bolt 100 zuwa 240, saboda haka raunin wuta bai cika damunta ba. Abin tsoro shi ne fizgar da wuta ke yi lokacin da aka dawo da ita ko aka tayar da janareta. Zare cajar, bari wutar ta daidaita, sannan ka mayar.

Ram da ma'adana

Alamar lalataccen ram ita ce rashin tsayawa a magana ɗaya. Yau shuɗin allo ya ce MEMORY_MANAGEMENT, gobe PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, jibi wani abu dabam, kuma ba ruwansa da aikin da kake yi. Windows tana da nata gwajin, mdsched.exe, amma na fi yarda da MemTest86, wanda ake sakawa a filashi a tayar da kwamfuta da shi. Ka bar shi ya yi zagayensa huɗu, ko da zai kwana. Kuskure ko ɗaya ne ya isa hujja. Sai ka cire ram ɗin, ka goge haƙoransa masu ruwan zinare da magogin fensir a hankali, ka mayar har ya yi ƙas. In guda biyu ne, gwada su ɗaya bayan ɗaya, a kowane rami, don wani lokacin ramin ne ya lalace. Akwai wani tarko da tsofaffin kwamfutoci ke faɗawa: DDR3 mai bolt 1.5 da DDR3L mai 1.35 kamarsu ɗaya, rami ɗaya suke shiga, amma laftof masu firosesar Intel zubi na huɗu DDR3L suke buƙata. In matsalar ta fara bayan ƙarin ram, fara da karanta takardar da ke manne a jikinsa.

Ma'adana kuwa ita ce wadda ba a yi mata jinkiri. Tsohuwar had disk faifai ne da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti, da allura a samansa, kuma mu muna ɗaukar kwamfuta a kunne mu hau babur da ita. Alamunta su ne sandarewa na minti ɗaya ko biyu sannan a dawo, fayil ya ƙi buɗewa, ƙarar ƙyas-ƙyas daga ciki, ko saƙo irin KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR. Manhajar CrystalDiskInfo za ta gaya maka cikin daƙiƙa: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja ta gama. Da ka ga rawaya, kada ka tsaya gudanar da chkdsk ko wani gyara, domin wahalar da faifai mai ciwo na iya ƙarasa shi. Kwashe kaya tukuna, ka sayi SSD, wadda ba ta da abin da ke juyawa. Babu kuɗin da za ka kashe wa tsohuwar laftof da zai biya ka kamar wannan.

Wasu kamfanoni sun saka nasu gwajin a cikin injin. A HP danna Esc da zarar ka kunna, sannan F2. A Dell danna F12 ka zaɓi Diagnostics. Zai duba ram da ma'adana da batir ba tare da shiga Windows ba.

Sai manhaja

Direba ƙaramar manhaja ce da ke tafinta tsakanin Windows da wani sashe na ƙarfen, kamar na hoto ko na wayafai. Saboda a can cikin zuciyar tsarin take aiki, kuskurenta guda na iya kayar da komai. Duniya ta ga haka ranar 19 ga Yulin 2024, lokacin da wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta jefa kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 cikin shuɗin allo, bisa ƙiyasin Microsoft, har jiragen sama da bankuna da asibitoci suka tsaya. Ƙarfen waɗannan kwamfutoci lafiyarsa ƙalau.

A nan sunan fayil ɗin da ka ɗauki hotonsa zai yi aiki. In ba ka samu ba, BlueScreenView na karanta bayanan da Windows ke ajiyewa a C:\Windows\Minidump. Sunan nvlddmkm.sys na Nvidia ne, atikmdag.sys na AMD, igdkmd64.sys na hoton Intel, wanda ya fara da Netwtw na wayafai ɗin Intel. In ntoskrnl.exe ka gani, kada ka ɗora masa laifi. A hannunsa gawar ta faɗi kawai, ba shi ya yi kisan ba. Danne Shift ka latsa Restart, ka bi Troubleshoot har ka shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da direbobi ƙalilan. In a can ba ta mutuwa, zargi ya ƙarfafa a kan direba ko wata manhaja. Buɗe Device Manager, nemi sashen, ka zaɓi Roll Back Driver in matsalar bayan sabuntawa ta zo, ko ka sauke na asali daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, da lambar samfurinta. Ban yarda da tarin direbobin nan da ake zubawa daga filashi ɗaya a kowace irin kwamfuta ba, haka ma Windows da aka yi wa kutse aka yanke mata sassa.

Anti-bairos biyu a kwamfuta ɗaya kishiyoyi ne a ɗaki guda. Cire ɗaya, ko ma duka, ka bar wanda Windows ta zo da shi. Sannan buɗe Command Prompt ta Run as administrator ka rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda ke buƙatar data, bayan ya gama ka bi da sfc /scannow. Su biyun suna gyara fayilolin Windows da yawan ɗaukewar wuta ya lalata. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, amma wannan batun tsaro ne, shi kaɗai ba ya sa kwamfuta ta riƙa mutuwa.

A duk waɗannan matakai, abu ɗaya za ka sauya a lokaci guda, ka yi aiki da ita yini ɗaya ko biyu, ka rubuta sakamako. Wanda ya sauya ram da caja da direba rana ɗaya, ko ta warke bai san me ya warkar da ita ba, in ta dawo kuma daga farko zai fara.

In har yanzu kana kokwanto tsakanin ƙarfe da manhaja, akwai alƙali. Saka Ubuntu, wato wani tsarin da ba Windows ba, a filashi, tayar da kwamfutar da shi, zaɓi Try Ubuntu, wanda ba ya taɓa kayanka. Yi awanni kana kallon bidiyo da shiga intanet. In ta mutu a can ma, Windows ta kuɓuta, fomatin ba zai yi komai ba. In ta yi kwana biyu daram, ga ram da ma'adana sun ci gwaji, to yanzu fomatin ya halatta, da Windows ta asali daga shafin Microsoft.

Akwai inda hannun mai gida ke tsayawa. Kwamfutar da ke mutuwa in an ɗaga ta ta kusurwa ɗaya ko an motsa murfinta, wadda shayi ko ruwa ya taɓa zubar mata, wadda ke ci gaba da nuna WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR bayan an share ta an sauya mai, ko wadda ram ɗinta a like yake da bod kuma ya faɗi gwaji, duk aikin mai gyaran bod ne, mai mita da abin lika dalma. Kafin ka kai, rubuta girman ram da ma'adanarka da lambobinsu, in kuma akwai sirri a ciki ka cire ma'adanar ka bar ta a gida. Tafi da cajarka, da ɗan littafin nan, da hotunan shuɗin allo. Ka ce masa, "Malam, ga abin da na gwada, ga abin da na gani, tana mutuwa har a Ubuntu." Ka nemi ya gaya maka sashen da ya lalace da kuɗinsa kafin ya kunna abin lika, sannan ka kwatanta kuɗin da farashin wani bod ɗin na hannu irin na kwamfutarka.